Gishiri da Dalma a Gidan Argemiro

Da wuya ka sami namijin da ya tashi a kwarin Barreiro wanda bai taɓa kwana rub da ciki saboda Seu Argemiro ba. Har direban motar makaranta, har mai karatun Littafi a coci ranar Lahadi, wanda yanzu yake tafiya kamar bai taɓa tsallake shingen kowa ba, duk sun ɗanɗana. Argemiro yana da lambun mangwaro da lemo a bayan gidansa, mangwaron da ko tuna shi ka yi sai yawunka ya tsinke, kuma yana da tsohuwar bindiga mai baki ɗaya da ya gada wajen ubansa. Tun da ta zo hannunsa dalma ba ta taɓa shiga cikinta ba. Da kansa yake ɗura harsashinsa, kuma abin da yake cika kwanson da shi gishirin shanu ne, mai manyan ƙwayoyin nan. In ya ji motsi a cikin ganye ba ya tambayar wane ne. Yakan jira ɓarawon ya diro ya ba shi baya, sannan ya auna ƙasa da ƙugu ya sakar masa.

Gishiri ba ya kisa daga nesa. Shiga fata yake yi ya narke a hankali, mai shi ya kwana yana kiran sunayen waliyyai har da waɗanda fadan coci bai san da su ba. Da safe uwar yaro takan zo da ruwan faɗa, Argemiro ya tsaya a baranda yana saurarenta har ta gaji, daga nan matarsa Dona Zulmira ta fito da kwando cike da mangwaro ta ce a kai wa majinyaci. Haka aka yi shekaru ana yi. Yara ba su daina sata ba, shi bai daina harbi ba, kuma ba wanda ya taɓa riƙe shi a zuciya.

Ba a cikin daɗi ya tashi ba. Ubansa ya bar masa bindigar nan da fili mai duwatsu da ƙanne mata da za a aurar. Yana saurayi ya bi motar masu yankan rake zuwa kudu, ya yi shekaru yana sara daga asuba zuwa faɗuwar rana, ya dawo da kafaɗar dama da ba ta ƙara ɗaguwa daidai ba, da ɗan abin da ya isa ya sayi shanu uku. Ya auri Zulmira, ya gina mata gidan ɗanyen tubali, ya dasa bishiyoyin nan ɗaya bayan ɗaya yana ɗauko musu ruwa daga rafi a garwa. Mutum ne mai tsadar magana da taurin kai irin na jakin da ya ga gada. In ya sha gahawarsa da ɓallin mazarƙwaila ya ce "to", ya gama hirar safiya ke nan.

'Ya'yansu maza biyu ba su yi kwana ba, sai mace ɗaya, Lindaura, wadda ta yi aure a birnin Montes Claros. Wataƙila saboda haka ne matan kwarin suka riƙa kawo wa Zulmira jariransu ta riƙe musu ranar baftisma. Ta zama madrinya, wato uwar baftisma, ga yara da yawa har ita kanta sai ta yi tunani kafin ta lissafa su. A wajenmu kuwa wanda ya riƙe ka a gaban ruwan baftisma ba ka wuce shi haka kawai. Ko ka yi gemu, ko a tsakiyar kasuwa ne, ko kana fushi da duniya, sai ka ɗaga hannu ka ce a sa maka albarka, shi kuma ya ce Allah ya yi maka. Ba a koya wa yaro wannan da bulala, tare da tafiya yake koyonsa.

Argemiro bai cika son tsayuwa a coci ba, don haka sau ɗaya kacal ya yarda ya tsaya kusa da matarsa ya riƙe kyandir. Ya yi hakan ne saboda Tiburcio, maƙwabcinsa na tsallaken rafi, abokinsa tun suna yawo ba wando. Tiburcio mutum ne mai surutu da dariyar da ake ji daga kan hanya, kishiyar Argemiro a komai, kuma ɗansa guda ɗaya ne a duniya, Edivaldo. Tun ranar da aka yi wa yaron baftisma mazan biyu suka ajiye sunayen juna, sai dai kumpadre, kiran da uban yaro da uban baftismarsa suke yi wa juna. Matar Tiburcio ta rasu yaron bai gama makaranta ba. Da ya girma ya tafi birni, ya dawo da babur da waya mai tsada, yana cewa aikin kai saƙo yake yi, ubansa kuwa sai yabonsa yake a duk inda ya zauna.

Sai zamani ya juya wa kwarin baya. Masu zuwa yanzu ba mangwaro suke nema ba. Da rana tsaka suke zuwa, biyu a kan babur, kawunansu cikin hular kwano mai baƙin gilashi, kuma sun san ranar da maigida ba ya nan. Suka shiga gidan wata gwauruwa, suka shiga gidan mai injin niƙa. Wata Asabar, Argemiro ya kai cukun Zulmira kasuwa, ya dawo bayan azahar ya tarar da ƙofa a buɗe. Ya same ta a madafi ɗaure a kujera da igiyar shanya. Sun ɗauke talabijin da injin ban ruwa da 'yan kunnen zinariya da ta gada wajen uwarta, sun kuma ɗauke tsohuwar bindigar daga bayan ƙofa. Ba su taɓa lafiyarta ba. Ya kwance ta yana ta tambaya, ita kuwa sai kallon murhu take yi.

Kafin mako ya zagayo ta haɗa kayanta a jaka.

"Ba zan ƙara kwana a gidan nan ba, Miro," ta ce.

"Gidanki ne."

"Na sani. Ba zan kwana ba."

Lindaura ta zo da mijinta suka tafi da ita. Argemiro ya tsaya a baranda har ƙarar motar ta ɓace, sannan ya shiga ya dafa wake da ya isa mutum biyu don hannunsa bai san awon mutum ɗaya ba. Shekara arba'in da wani abu bai taɓa cin abinci shi kaɗai ba. Kewarta ta kama shi har ya rasa inda zai sa kansa, kuma kunya ta haɗu da kewar, don a ganinsa tsoro ne ya kore ta, tsoron kuwa laifinsa ne, shi da ya zauna da bindigar wasan yara a zamanin da ba a wasa. Ya ƙudurta a ransa cewa zai mayar da gidan wurin da mace za ta rufe ido a cikinsa, kuma ranar da ya gama Zulmira za ta dawo.

Ya sa wa ƙofofi sakata ta ƙarfe, ya karɓo ɗan kwikwiyo mai baƙin baki, ya sare ciyawar da ta rufe hanya. Maganar bindiga ce ta ci lokaci, don sai da aka yi watanni ana yawon takardun izini, surukinsa na kai shi nan da can. Ranar da komai ya kammala Tiburcio ya ce ko sama za ta faɗo sai ya raka shi. Suka hau motar safe zuwa gari, suka shiga shagon Seu Onofre, mai sayar da kayan farauta da na kamun kifi, wani siririn mutum mai tabarau da ya san kowa da abin da ke damun kowa.

"Kai, yau ga Sarkin Gishiri da kansa!" in ji Onofre. "Seu Argemiro, ka yi ɓatan kai, kantin abincin shanu yana gaba."

"Ba ka ji abin da ya same shi ba ne kake wasa?" Tiburcio ya ce. "Fito mana da abin da in ya yi tari ɗaya sai an kira fada."

Onofre ya daina dariya. Ya fara ɗauko libarba, ƙaramar bindigar hannu, ya ajiye a kan kanta. Argemiro ya ɗaga ta, ya miƙe hannu kamar yadda aka nuna masa, bakinta ya shiga rawa yana zagaye kalandar da ke bango.

"Ajiye, ajiye," in ji Onofre. "Wannan ta mai ido ce da hannu tsayayye. Kai in ka auna ƙofa sai ka kashe agogo."

Ya ɗauko wata doguwa baƙa mai cin harsashi da yawa. Tiburcio ya washe baki yana shafa ta.

"Ita ce, kumpadre! Ko ganinta suka yi sai sun jiƙa wando."

"Da wace kafaɗar zai harba ta?" Onofre ya tambaya. "Naushi ɗaya za ta yi masa ya zauna a ƙasa. Sai ɓarayin su ɗaga shi su kaɗe masa riga."

A ƙarshe suka tsaya a kan mai baki biyu, marar nauyi sosai, mai karyewa a tsakiya kamar tsohuwarsa. Da Argemiro ya sa ta a kafaɗa ya ji hannunsa ya gane hanya. Ya gyaɗa kai, ya ɗauka an gama. Sai Onofre ya jera kwalaye uku a gabansa ya ce bindiga ai bututu ce kawai, maganar tana cikin abin da za a zuba mata. Ya yanka kwanso ɗaya daga kowane kwali ya zazzage a tafin hannunsa. Na farko ƙanana ne kamar gero, na kurciya. Na biyu sun ɗan tasa. Na uku 'yan ƙwayoyi ne kaɗan, kowace ta kai girman wake, na aladen daji.

"Na kurciyar fa?" Argemiro ya tambaya a hankali.

"In mutum yana nesa, haushi kawai za ka ba shi," in ji Onofre. "Mutumin da ka ba haushi kuma yana riƙe da tasa."

"Wannan babban kuma?"

"Wannan ba ya barin magana. Amma ka sani, bangonka ɗanyen tubali ne, ƙofofinka katako. In ka saki wannan a cikin gida ka tabbata ka san inda Dona Zulmira take tsaye. Kuma ka ajiye halin nan naka na harbin motsi. Dalma ba ta narkewa, Seu Argemiro, ba a kai wa mai ita kwandon mangwaro da safe."

Argemiro ya daɗe yana kallon tafin hannun mutumin. Zuciyarsa ta karkata ga na tsakiyar. Tiburcio ne ya buga kanta har ƙugiyoyin kifi suka yi tsalle.

"Me kake jira? Mutanen da suka ɗaure kumadre Zulmira kamar akuya su ne kake tausayi? Ɗauki na aladen! Aladun daji sun fi su daraja, su ko ba komai ana cin namansu. Ka raba ɗan banza biyu, uwarsa ta zo ta tattara. Na rantse da Uwar Yesu in ba ka saya ba ni zan saya maka."

Ya saya. A motar dawowa Tiburcio ya ba kowa labarin bindigar, daga direba har matar da ke riƙe da kaji, ya ƙara mata tsawo ya ƙara mata ƙara. Kafin rana ta faɗi babu shagon da ba a san Argemiro ya yi sabuwar amarya mai baki biyu ba. Tiburcio yana ganin taimako yake yi, don a tunaninsa gidan da aka san da bindiga ba a zuwa.

Washegari da hantsi Argemiro ya je bayan lambu ya auna gindin wata ayaba da ta riga ta ba da nononta. Ya ja kunama. Da hayaƙin ya washe sai ya ga ayabar ta karye a daidai tsayin cikin mutum, ruwanta yana tsiyaya, ɓargonta a warwatse a kan ciyawa. Ya matsa ya sa hannu a ramin, hannun ya shige har wuyansa. Shekara da shekaru yana harbin mutane yana komawa ya ci abincinsa, ashe bai taɓa sanin mene ne bindiga ba.

Lokacin mangwaro ya zo. Yara suka fara leƙe daga shinge, suka ga shiru, suka shigo. Yana zaune a baranda yana jin rassa na karyewa, bindigar a jingine kusa da gwiwarsa, amma ko kallon wajen ba ya yarda ya yi, don yana tsoron hannunsa ya riga shi tunani. Yaran suka ci har suka gaji. Da suka ga ba mai korarsu sai abin ya fita ransu, mangwaro ya riƙa zubowa yana ruɓewa a ƙasa, ƙudaje suna bi. Duk Lahadi yakan kira Zulmira a wayar da Lindaura ta bar masa ya ce mata saura kaɗan. Ita kuma ta tambaye shi ko yana shan maganin hawan jininsa.

Wata Lahadi sai ga ta a motar surukinsu. Don murna har ya ɗauki tsintsiya ya rasa me zai share. Amma ba ta zo da jaka ba. Ta ce keken ɗinkinta ta zo ɗauka, Lindaura da mijinta za su gaida dangi su dawo su ɗauke ta. Ya yi kamar bai ji ba. Ya zagaya da ita yana nuna mata sakatu ɗaya bayan ɗaya, ya kira karen ya sa shi ya yi haushi, ya karya bindigar ya nuna mata jajayen harsasai biyu a ciki. Tun ranar aurensu bai taɓa yin magana mai tsawon ta ranar ba. Daga ƙarshe ya kai ta bayan lambu ya nuna mata kututturen ayabar, wanda ya riga ya yi baƙi.

"Kin gani? Duk wanda ya ƙara taka gidan nan haka zai koma. Ki dawo, Zulmira."

Ta kalli kututturen, ta yi alamar gicciye, ta nemi dutse ta zauna. Abin da ta faɗa masa a wajen ba wanda ya ji shi a kwarin sai bayan an binne Argemiro da Tiburcio, ita da kanta ta buɗe baki.

"Zauna, Miro. Ba tsoronsu ne ya kore ni ba."

Bai zauna ba.

"Ina tsaye a bakin murhu na farkon ya shigo da hularsa a rufe. Da ya gan ni sai ya ɗaga hannu ya ce, 'Sa mini albarka, madrinya.' Bakinsa ne ya riga shi. Ni ma nawa ya riga ni, na ce, 'Allah ya yi maka albarka, ɗana.' Muka tsaya muna kallon juna. Ɗayan ya shigo yana zaginsa, ya ce ya ɗaure ni ko shi ya yi maganina. Shi ya ɗaure ni da hannunsa, bai matse ba. Da za su fita ya dawo ya janye itacen daga ƙarƙashin tukunya don kada waken ya ƙone."

Argemiro ya tambaye ta:

"Wanne a cikinsu? Yaranki sun fi garke."

"Wanda ni da kai muka riƙe tare."

Sai a lokacin ya zauna, a ƙasa, bindigar a kan cinyarsa. Ya tuna kantar Onofre da tafin hannun Tiburcio da ya buge ta. Baƙin ciki ya kama shi, ya rasa wanda zai ɗora wa, yaron ko ubansa ko kansa.

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"In faɗa wa wa? In an kai ƙara ka san ba a dawo da irinsu a tsaye. In kumpadre ya ji, ko ya kashe shi da hannunsa ko zuciyarsa ta buga, kuma shi kaɗai ya rage masa. Na ce in na tafi za ka biyo ni. Ban san za ka je ka sayo wannan ba."

"To zan mayar da gishiri. Kwanson nan ma zai yi."

"Da libarba suke zuwa, Miro. Ka ba su gishiri su ba ka dalma. Ɗayan ba ɗan kowa ba ne a nan, ba ya neman albarkar kowa."

"To dalmar ta zauna. Wataƙila ba za su dawo ba."

"Za su dawo. Da suka shigo ba talabijin suka fara tambaya ba, bindiga suka tambaya, wannan tsohuwar da ko tsatsa ta gaji da ita. Yanzu kuwa har kajin kasuwa sun san kana da sabuwa. In sun zo, ko ka kashe yaron da ka riƙe wa kyandir ka je ka kama wa ubansa ɗaukar akwatin gawa, ko ka tsaya kana tunani su kashe ka. Ni ba zan zauna a madafi ina jiran in ga wanne zai faru ba. Na binne biyu, sun ishe ni."

"To me kike so in yi?"

"Ka zo mu tafi."

Ta sa shi ya rantse ba zai faɗa wa Tiburcio ba, ya rantse. Da motar ta dawo shi da kansa ya ɗauko keken ɗinkin ya sa a baya.

Taurin kai bai bar shi ya bi ta nan da nan ba. Ya zauna har ruwa ya ɗauke. Ya cire harsasan ya sa a aljihu, washegari ya mayar, jibi ya sake cirewa. Ranar kasuwa ya daina zuwa, shanun suka rame don ba ya yarda ya yi nisa da gida. In ya ji ƙarar babur a hanya sai ya rasa ko ƙofa zai nufa ko bayan gida. Tiburcio yakan tsallako da yamma da kwalbar giyar rake, ya zauna ya yi ta tsine wa ɓarayi da waɗanda suka haife su, Argemiro yana kallon ƙasa. Ya rame, ya tsufa a cikin 'yan watanni, har mutane suka fara cewa kewar mace za ta kai shi kabari. Ba su yi ƙarya ba, amma rabin maganar suka sani.

Daga ƙarshe ya sayar da gidan da filin ga wani mai dashen itacen turare, wanda ya faɗa masa a fili cewa mangwaron duk za a tumɓuke. Argemiro ya ce to.

Ranar tashi a-kori-kura ta zo da hantsi. Tiburcio ya riga kowa zuwa, ya tuɓe riga yana ɗaukar kaya kamar saurayi, idanunsa jajaye, yana ta surutu don kada a gane. Da aka kusa gamawa Argemiro ya fito da bindigar a naɗe cikin bargo, kwalin harsasan a hammata. Tiburcio ya ajiye kujerar da ke hannunsa.

"Ina za ka kai ta, kumpadre? A ɗakin bayan gidan suruki kurciya za ka harba?"

"Onofre zan mayar wa."

"Onofre? Bar mini ita. Takardun ma a gyara daga baya. Kai ka tafi, gwauruwa ta tafi, mai injin niƙa ya tafi, saura ni kaɗai a bakin rafin nan. Edivaldo ba ya kwana gida kullum. In sun zo da me zan tare su, da ludayi?"

Argemiro ya ƙara matse bargon. Ya san in bindigar ta tsallaka rafi, ko ta kwana a hannun yaron kafin mako ya ƙare, ko wata rana uban ya ji motsi a ƙofa ya sakar wa ɗansa dalmar da shi ya zaɓa da bakinsa.

"Ba zan ba ka ba."

"Kyauta na ce? Faɗi kuɗinta. In ba ni da su in ba ka saniya."

"Ba maganar kuɗi ba ce."

"To maganar mece ce?"

Maganar ta zo masa har baki. Ya kalli mutumin nan da suka yi kiwo tare, suka haƙa kaburburan 'ya'yansa tare, yana tsaye ba riga gumi na bin furfurar ƙirjinsa, ya haɗiye ta.

"Ba zan ba ka ba, kumpadre. Ko harsashi ɗaya."

Direba da masu lodi suka tsaya suna kallo. Tiburcio ya dube shi.

"Tun muna yara ban taɓa roƙonka ko allura ba," ya ce. "Yau na roƙe ka abin da zan tsare raina da shi, a gaban mutane, ka hana ni. Ka tsira da naka, nawa ko oho. Allah ya kiyaye hanya, Argemiro."

Ya ɗauki rigarsa ya nufi rafi. Argemiro ya bi bayansa da kallo har ya tsallaka, yana fatan ya waiwayo, bai waiwayo ba. Direba ya tambaya ko da sauran kaya, ya ce babu, ya hau gaba ya ɗora bargon a kan gwiwarsa. Ya yi sauran shekarunsa a ɗakin bayan gidan Lindaura tare da Zulmira, yana aika gaisuwa tsallaken rafi ta bakin duk wanda zai je Barreiro. Tiburcio bai taɓa amsawa ba har ya mutu.